Rabin Suna

Sha ɗaya na dare, janareta na tari,
ina gyaran lissafin ruwan Bakolori:
wa ya sha awa uku, wa ya biya, wa ke jira.
Fayil ɗin na raɗa masa sunan garinmu,
Talata Mafara.
Kalma biyu, da ɗan fili a tsakani
wanda ko ƙwayar shinkafa ba za ta kwanta ciki ba.

Layi huɗu na canza, na ɗinke su faci,
na tura wa Marwana a Gusau
ya liƙa a nasa kwafin.

Shayina bai huce ba ya kira.
"Facinka bai kama ba, Sahabi.
Na'ura ta ce ba ta san wani Talata ba."
Na ce, ina Mafarar?
Ya ce, "Ta sauke ta a hanya."

Ashe tsohuwar ƙa'ida ce, ta girme mu duka:
a goshin faci a rubuta suna,
a ba da tazara, a sa kwanan wata.
Manhajar Marwana kuwa ta kwana biyu a duniya.
Tana cin karo da fili sai ta taka birki,
ta ce nan suna ya ƙare,
abin da ya biyo baya lokaci ne.
Ta ɗauki Talata, ranar kasuwa, ta mai da ita wuri,
ta ɗauki Mafara, inda aka binne cibiyata,
ta ce ƙarfe nawa ke nan?

Na yi dariya har maƙwabci ya buga bango.

Na hau sama na duba layin farko,
inda tsohon suna da sabo ke tsaye kafaɗa da kafaɗa.
Talata Mafara, Talata Mafara,
kamar yaron mota na kiran fasinja a tasha.
Fili uku, duk kamarsu ɗaya.
Wanne ne numfashi a cikin suna,
wanne ne iyakar gona?

Marwana ya ce, "Ka ja ɗan layi a ƙasa ka haɗe su,
kowa haka yake yi."
Na ce, bara ma haka ka ce
da ta ga "kuɗin taki" ta firgita da lanƙwasar ɗ,
ta watsa mana lambobi a madadinta.
Ka ce mu miƙe harafin, mu rubuta kudi.
Yau fili, gobe me?
Wanda bai iya kiran sunan baƙo ba
shi ya kamata ya koya.

Ya yi shiru. Na ji fankarsa tana juyawa.

Na tuna Na'Allah mai faci a bakin tasha,
yadda yake nutsa tif a rabin duro
ya zuba ido, ba ya gaggawa,
har sai kumfa ta tona asirin huji.
Bai taɓa cewa a canza hanya don ƙusa ba.

Haka muka zauna, ni nan, shi can,
muna bin kumfa.
Muka koya mata: ƙaramin fili na cikin gida ne, ki wuce.
Ki tsaya sai kin ga babbar tazara,
wadda maɓalli ɗaya ke bugawa a ƙarshen suna.
In kuma kin ga baka biyu sun rungume shi,
duk abin da ke tsakaninsu ɗan gida ne,
da lanƙwasarsa, da numfashinsa.

Ɗaya saura kwata ya sake gwadawa.
"Ya kama."

Layi huɗu suka zauna a mazauninsu.
Na uku shi ne na Inna Kulu,
mai albasa a ƙarshen magudana,
wadda aka tsallake sau biyu a watan jiya.
Alhamis da asuba ruwa zai iso mata.

Man janareta ya ƙare kafin in rufe.
Na sha shayin da sanyinsa, a cikin duhu.